Ƙasar Indiya Ta Kira Gwaggo

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar nan na maimaita kalmar har bakina ya bushe, amma wallahi zuciyata ƙin yarda ta yi.

Ina tsugune a tsakar gidanmu na haya a Kwamba, nan Suleja, da hantsi, ina juya itacen turaren wuta a tukunya, sukari ya fara kama jikinsa, sai waya ta yi ƙara. Yaya ne, babban ɗan Gwaggo, wanda ke aiki a Abuja. Ko sallama bai yi ba. Ya ce, "Hajiya ta faɗi a shago. Sun ce rai ya yi halinsa."

Na ce, "Wace Hajiyar?"

Ya ce, "Hajiyarmu mana. Gwaggonki."

"Kai Yaya, wane irin shago kuma? Gwaggo ai tana Indiya. Jiya-jiyan nan ta turo min murya tana min faɗa a kan jarkoki."

Ya ce, "Can ɗin ne." Sai na ji ƙaton namiji ya fashe da kuka, ya katse wayar.

Ban san na saki muciya ba. Maƙwabciyata 'yar Kudu, mai haɗa sabulun ruwa, ita ta ga hayaƙi ta fito a guje ta sauke tukunyar. Da na gaya mata, ta ɗora hannu biyu a ka ta zauna daɓas a ƙasa. Ta ce, "Mama ya mutu? Wane Mama? Ƙarya ne! Mama ba ciwo, Mama ba komai!" Haka Hausarta take, ba ta raba mace da namiji, kullum cikin tsokanarta muke. Ran nan ba wanda ya yi dariya. Tare muka tari Keke zuwa gidan gado a Kurmin Sarki, ita da silifa wari da wari, ni da hijabi a baibai.

Kafin mu isa gidan ya cika. Yawanci mata ne 'yan sana'a irina, masu humra da turaren wuta da sabulu da lalle, waɗanda duk abin da muke zubawa a kwalba ta hannun Gwaggo ya shigo garin nan. Abin mamaki, ba a kuka sosai. Kowa kallon ta kusa da ita take tana cewa, "Wai da gaske ne?" Wata ta kafe tana ta kiran lambar Gwaggo, wayar na shiga ba a ɗauka, ita kuma tana cewa, "Kun ji ai tana ringin, kun ji?" Wata tsohuwa mai sayar da turare a bakin titin Zuma ta ce ita dai ba ta yarda ba sai ta ga makara. To a nan gizo ke saƙar, don babu makarar, babu gawar. Masu haƙa kabari sun ji labari sun zo da kayan aikinsu, Baba, mahaifina, ya fita ya ba su haƙuri suka koma.

Baba shi ne autan ɗakinsu. Gwaggo na gabansa, sai kuma babbarsu, wadda kowa ke kira Inna. Inna ita ta goyi Gwaggo bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta yaye ta, ita ta kai ta ɗakin miji. Na same ta zaune a ƙofar ɗaki tana jan carbi, idonta a bushe, tana amsa gaisuwa a hankali. Da haka aka tafi, da ta jure. Sai ga wata baƙuwa, Allah ya yafe mata bakinta, ta ja dogon numfashi ta ce, "Allah sarki, Indiya! Ai can ƙona gawa suke yi."

Ba wadda ba ta san abin da matar take nufi ba. Tun zamanin kaset muke kallon finafinan mutanen nan, Inna ma ta fi mu, don ita har sunayen da ta laƙa wa 'yan wasan gare ta. Duk mun sha gani: a tara itace, a ɗora mutum, ɗansa ya zo da farin kaya ya cinna wuta. A wannan lokacin kowace mace a gidan abin da take gani ke nan, da fuskar Gwaggo a kai.

Inna ta miƙe, ita da sai an kama ta take tashi. Ta ce, "Ku naɗe tabarmin nan." Aka tsaya kallonta. Ta ce, "Na ce ku naɗe! Kada wadda ta ƙara ce min ya haƙuri. Haƙurin me? Ni ba a yi min rasuwa ba tukuna. Sai na ga an wanke ta, an sallace ta, an sa ta a ƙasa kamar 'yar Musulmi, sannan zan karɓi gaisuwa." Ta shige ɗaki ta zauna a bakin gado. Daga ranar ko kunu sai da rarrashi take kurɓa.

Ina rubuta wannan ne don jikokin Gwaggo ba za su sami kabarin da za a nuna musu a Suleja ba. To aƙalla su san wace ce.

Gajeruwa ce, baƙa, mai saurin tafiya kamar ta bar tukunya a wuta. Hancinta ɗan ƙarami ne ƙwarai, har Baba kan tsokane ta ya ce yana mamakin yadda abu kamar maɓalli yake ciyar da rabin matan gari. Da tallar humra a faranti ta fara. Abin da ya fitar da ita neman kaya da kanta takaici ne: ta sayi madarar turare, ta haɗa, kafin wata ya zagayo ƙamshin ya gudu, kwastoma ta dawo tana zagi. Ta fara zuwa Kano, ta koma Legas, kowane dillali ya ce mata nasa orijinal ne daga waje. Rannan ta ce to ita ma tana da ƙafa, za ta je wajen ta gani. Haka ta san Dubai, ta san inda ake buga kwalabe masu murfin da ba ya yoyo a Caina, daga ƙarshe ta gano cewa madarar da take nema da itacen sandal na gaskiya suna Bombay. Turancinta na ciniki ne, rabi da baki rabi da hannu, kuma bai taɓa barinta a hanya ba.

Da waya ta yi yawa, 'yan mata suka fara zuwa suna nuna mata hotunan kaya, wai ga shi nan a danna kawai a yi oda, ba sai an sha wahalar jirgi ba. Takan karɓi wayar ta kai hanci ta shinshina da gaske, ta miƙa wa mai ita ta ce, "Ni ban ji komai ba. Hoto ba ya ƙamshi, 'yata." Ba wai ta ƙi zamani ba ne, don ita ma da waya take bin kayanta tun daga jirgin ruwa har Legas. Amma duk abin da za a shafa wa jikin mutum, sai ta je ta tsaya a kansa.

In za ta zaɓi kaya, tun ana saura kwanaki take barin albasa da tafarnuwa da daddawa, ta koma cin abinci salam kamar mai jinya. Ba ta shafa turare, ba ta yarda a kunna na wuta kusa da ita. Idan aka kawo samfur, sai ta yayyage tsohon farin zane sala-sala, ta ɗiga wa kowane ƙyalle nasa, ta shanya a igiya cikin rana. Wani ta wanke shi da sabulu, wani ta goge shi da dutsen guga, wani ta cusa shi a ƙarƙashin filo. Sai ya kwana biyu take yanke hukunci. In ka shiga gidan a irin wannan lokaci ka ce wata mai tsibbu ce ta sauka. Akwai shekarar da ta sa ɗan kasko da ƙullin gawayi a jakarta, don ta ce madarar da ta yi daɗi a kwalba tana iya yin ƙauri a kan garwashi, ita kuma matanta a kan garwashi suke cin abinci. Aka ƙwace gawayin a filin jirgi. Ta dawo tana ba da labari tana mita, wai mutane da kakinsu da komai sun tsaya suna tsoron gawayi. Da ta isa can sai da ta sa aka nemo mata wani, ta hura wuta a bayan shagon mutane.

Ranar da kaya suka iso kuwa, gidan gado ya zama kasuwa. Kowa ta zo da mazubinta, Gwaggo ta zauna a kujera 'yar tsugunno da sirinji a hannu tana aunawa da kanta. Masu manyan jarkoki su ne na ƙarshe. Mai 'yar ƙaramar kwalba ita take fara sallama, ta ce wannan in ta koma gida hannu wofi yau ba za a ɗora tukunya a gidanta ba. Manyan su yi ta gunaguni, ita ko a jikinta. In ta ga kin cika surki a humrarki don neman riba, a gaban kowa za ta faɗa miki, ba ta iya kara a wannan wajen ba. Mata da yawa sun bar gidan nan da fushi, kuma duk sun dawo.

Maƙwabciyar nan tawa 'yar Kudu, a wurina Gwaggo ta fara ganinta. Ta zo duba ni, ta tarar da matar zaune tana wanke-wanke da hannuwa duk sun sassaɓule, fata ta yi ja. Ta riƙo hannun ta juya shi ta ce, "Me ya ci ki haka?" Ashe wata soda ce marar kyau aka sayar mata, ga shi da hannu tsirara take damawa. Tafiya ta gaba sai ga ta da dogayen safar hannu na roba masu kauri, da turaren sabulu mai ƙamshin lemo, ta kuma haɗa ta da inda za ta riƙa samun soda mai kyau. Da wasu suka fara ƙus-ƙus wai an sa bare a cikin oda, Gwaggo ta ce, "Sabulunta da wa da wa ke wanka da shi a Kwamba? Ba 'ya'yanku ba?" Tun ranar matar ke ce mata Mama.

Sai faɗanta da Dattijon Bombay, wanda shi ne ya dawo ya tsaya wa Inna a rai. Wani tsoho ne mai shagon turare da ya gada, Gwaggo ta yi shekaru tana sayen kaya a wurinsa. Wata shekara, ana dab da bukukuwan bayan Salla, kaya suka zo muka haɗa humra, ba a jima ba ta dagule ta fara tsami. Amare suka dawo mana da kwalabe. Ni kaina sai da na yi kwanaki ban leƙa ƙofar gida ba don kunya. Gwaggo ta bi mu gida-gida ta kwashe jarkokin, ta cika kwalba ɗaya ta ajiye. Da lokacin tafiya ya yi ta ɗauke ta har Bombay. Ita da bakinta ta kwaikwaya mana yadda aka yi: ta shiga ba ta zauna ba, ta ƙi shayin da aka kawo, ta dangwarar da kwalbar a gabansa, ga 'ya'yansa ga ma'aikatansa ga masu saye. Ta kamo hannun rigarsa ta tsiyaya masa, ta ce ya shinshina. Ta ce masa, "Wannan za ka ba 'yarka ta kai ɗakin miji?" Tsohon ya shinshina, ya juya ya kalli babban ɗansa. Ashe yana kwance ba lafiya ɗan ya canza man da ake surkawa da mai araha. Ya ba ta haƙuri, ya ce zai canza kayan. Ta karɓi canjin, amma ta ce ita da shagonsa har abada.

Ta riƙe maganar kuwa na tsawon lokaci. Ta koma Dubai, ta gwada wasu a Bombay ɗin, ta yi ta shanya ƙyallaye tana tsaki. A wannan tafiyar ta ƙarshe ce ta ce min a ɓoye za ta koma wurinsa, don ta gaji da yaudarar kanta, ba wanda sandal ɗinsa ya kamo na tsohon. Ta ce, "Kada ki gaya wa Inna, ta yi min dariya."

Dama ita da Inna kullum cikin wannan suke. Duk tafiya sai Inna ta ce, "Ki zauna haka nan, ƙafar nan taki ta gaji, ki bar wa yara." Gwaggo ta ce, "In na zauna me matan nan za su zuba a kwalba, ruwan famfo?" Inna ta ce, "Wata rana sai jirgin nan ya manta da ke a wani gari." Gwaggo ta yi dariya ta ce ai ita ba kaya ba ce. Haka suka rabu wannan karon ma, a zaure, Inna na tura mata ƙullin dambun nama a jaka tana faɗa.

A shagon Dattijon ta faɗi. Shi ya kai ta asibiti, shi ya kira Yaya. Da Inna ta ji haka sai abin ya ƙaru. Ta ce, "Mutumin da ta yi wa tijara a gaban 'ya'yansa? A hannunsa kuka bar min ita?" Na ce, "Inna, Musulmi ne fa, Gwaggo ta sha faɗa, har salla take yi a gidansa." Ta ce, "Ke kin gani? Sallar tasu irin tamu ce?" Gaskiya kuwa ban gani ba.

A waje kuma Yaya da Baba sun ja daga. Ba a taɓa gawar baƙo a can sai ɗanta ya sa hannu a takarda, Yaya kuwa ya ce ba zai sa ba, gida za a kawo mahaifiyarsa a kwantar da ita kusa da mahaifinsa. Baba ya ce, "Ka san abin da kake faɗa? A yi mata allura, a rufe ta a akwati, a ɗora ta a sikeli a jefa cikin kagon jirgi tare da katan-katan? Matar da ta ƙare rayuwarta tana auna kaya, ita ma a auna ta? Inda ƙasarta ta kira ta nan za a sa ta." Yaya ya ce, "Kawu, ni ne zan wayi gari ba ni da inda zan je in yi mata addu'a." Ban taɓa jin Yaya ya ɗaga wa Baba murya ba sai ranar. Daga ƙarshe duka biyun suka shigo suka durƙusa gaban Inna, suka ce ita ce babba, abin da ta ce shi za a yi. Ta ce, "Ni ban zaɓi wuta ba, ban zaɓi akwati ba. Ku nuna min mutanen nan da idona."

Washegari Yaya ya kira Dattijon ta bidiyo, muka kewaye Inna a bakin gado. Sai ga fuskar wani tsoho siriri mai farin gemu da farar hula, idanunsa sun kumbura. Ya yi sallama irin tamu sak. Inna ba ta amsa ba. Ya miƙa wayar, kawai sai muka ji an ce, "Salamu alaikum, Inna, ina wuni? Ya ƙarin haƙurinmu?" Da Hausa! Gaba ɗaya muka zabura. Ashe wata baiwar Allah ce 'yar Kontagora da ta kai mijinta jinya. Tsohon nan ne ya bar shagonsa ya yi ta bin masaukan da ke kusa da asibitoci yana tambaya, har ya samo macen da ke jin yaren marigayiya. Ya ce bai kamata a wanke ta ba tare da wani nata a wurin ba.

Inna ta ce, "'Yar nan, tsakaninki da Allah, suna da maƙabarta?" Ta ce, "Wallahi Inna suna da ita, Musulmi a garin nan sun fi gaban lissafi." Inna ta ce a nuna mata. Ba a yi musu ba. Can da rana tsohon ya sake kira, yana tafe da ƙyar a tsakanin kaburbura yana haska mana su, ga tudun ƙasa, ga itatuwa, har ya tsaya a wani fili kusa da inda ya ce iyayensa suke. Inna ta daɗe tana kallo. Ta ce wa Yaya, "Je ka sa musu hannu." Amma tabarmi ta ce a bar su a naɗe.

Takardu suka ɗauki 'yan kwanaki, mu kuwa muna zaune ba mu ga tsuntsu ba mu ga tarko, mutane na zuwa suna komawa ba a karɓi gaisuwarsu ba. Ranar da za a yi sutura, da sassafe 'yar Kontagora ta kira. Inna ta tsare ta da tambaya. An yi mata tsarki? An yi mata alwala? Da dama kuka fara? An warware kitson? An sa kafur? Ita kuma tana cewa an yi, Inna, an yi, da hannuna. Sai wata tsohuwa ta leƙo cikin wayar, hannun rigarta jiƙe har gwiwar hannu, ashe matar Dattijon ce, ita ta jagoranci wankan. Ta dafa ƙirji ta yi sallama tana hawaye. Wannan karon Inna ta amsa.

Da hantsinmu, su kuma bayan azahar ɗinsu, aka sallace ta. Ɗan Dattijon, wancan da ya jawo faɗan, shi ya riƙe wayar. Muka ga sahu-sahu na mutanen da ba su san ko sunan garinmu ba, muka ji kabbara huɗu. Mata suka fara sheshsheƙa. Aka ɗauke ta aka kai bakin kabari, aka saukar da ita a hankali. Na ce a raina alhamdu lillahi, an gama.

Sai Inna ta dafa hannun Yaya ta ce, "Tambaye shi, sun juya fuskarta gabas?"

Yaya ya tambaya da Turanci. Aka ba shi amsa. Yaya kuwa ba ya iya ƙarya, ya ce, "Ya ce yamma."

Wayyo Allah! Ban taɓa jin ƙara irin wadda Inna ta yi ba. "Yamma? Sun sa ta ba wa alƙibla baya! Na faɗa muku! Ka ce su tsaya, kada su zuba ƙasar nan!" Ɗakin ya kaure da salati. Ni kaina tun da aka haife ni ban taɓa jin an kwantar da Musulmi yana kallon yamma ba. Kukan ya fita ta cikin wayar, muka ga mutanen can sun tsaya cak, masu riƙe da katako sun ɗago suna kallon juna. Tsohon ya matso yana tambayar me ya faru.

Yaya ya miƙa min wayar, ya kamo hannun Inna ya fito da ita tsakar gida. Ya tsuguna ya dangwala yatsa a ƙasa. Ya ce, "Inna, nan Suleja." Ya matsa gaba ya sake dangwalawa. "Nan Makka." Ya ƙara matsawa can gaba. "Nan inda Hajiya take. Makka a tsakiyarmu take. Mu in za mu kalle ta sai mu juya gabas. Su sun wuce ta, sai sun juyo yamma." Ya ce, "Alƙibla suka ba ta, Inna. Wallahi alƙibla ce."

Inna ta sunkuya tana kallon ɗigon nan a ƙasa. Ba mai motsi a gidan, can ma suna tsaye suna jira. Ta sa yatsa a na ƙarshen ta ce, "Wato tana nan, tana kallon nan wajen."

Ya ce, "Eh, Inna."

Ta dawo da yatsan kan Suleja. "Ni kuma ran da aka kai ni, nan za a juya ni."

"Eh."

Ta ce, "Ashe fuska da fuska za mu kwanta." Ta ɗago ta kalli wayar da ke hannuna ta ce, "Ka ce su rufe ta. Ka ce wa tsohon nan Allah ya saka masa."

Muna kallo aka jera katako aka zuba ƙasa. Da aka gama, Inna ta juyo ga matan da suka cika gidan, ta ce, "Ku shimfiɗa tabarmi. Ƙanwata ta rasu." Sai a lokacin ta fashe da kuka, gidan duka ya ɗauka.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yafe mata kurakuranta, ya yalwata mata makwancinta a ƙasar da ba tata ba. Waɗanda suka wanke ta suka sallace ta, Allah ya ba su masu yi musu haka ranar da tasu ta zo. Mu da ta bari da kwalabe a hannu, Allah ya ba mu ikon riƙe gaskiyar da ta riƙe, ya kyautata namu ƙarshen.

Inna tana nan, ta fara cin abinci. Sai dai tun ranar, in ta idar da salla ba ta saurin tashi daga kan darduma.